Daga Seoul zuwa dutsen Gariwang: kwanakin da iska ta riƙe gasar Olamfik

Na sauka a filin jirgin Incheon na Koriya ta Kudu a watan Fabrairun 2018, gasar Olamfik ta hunturu ta Pyeongchang na kan farawa. Ita ce karo na farko da Najeriya ta halarci gasar hunturu, da tawagar mata masu tuƙa keken ƙanƙara da kuma Simidele Adeagbo mai zamiya a kwance kan ƙaramin keken ƙanƙara, amma ni abin da ya kai ni shi ne tseren zamiya daga kan dutse. Jirgin ƙasa mai gudu na KTX ake hawa zuwa tashar Jinbu, wajen awa ɗaya da rabi daga Seoul, a kan layin da aka buɗe a watan Disamban 2017. Daga Jinbu kuma sai motocin safa na gasar.

Wanda zai kalli wannan wasa ya fara sanin cewa filin ba ɗaya ba ne. Tseren lanƙwasa, wato silalom da babban silalom, a Yongpyong ake yin su. Tseren gudu kuwa, gangara da sufa-Ji, sai an nausa Jeongseon, kan dutsen Gariwang. Dalili shi ne tsayi: a lokacin dokar FIS, hukumar wannan wasa ta duniya, ta ce gangarar maza a Olamfik ba za ta gaza faɗowar mita 800 ba. A Jeongseon ana tashi daga mita 1,370 a sauka a mita 545, faɗowar mita 825 ke nan. Bernhard Russi na Switzaland, wanda ya ci zinare a gangara a 1972, shi ya tsara hanyar. Don a fitar da ita sai da aka sare wani sashe na tsohon daji, abin da ya tayar da ƙura a Koriya ta Kudu, kuma idan ka tsaya a gindin dutsen ka ga farin layin nan ya ratsa tsakiyar itatuwa kamar tsagar wuƙa, za ka fahimci masu ƙorafin.

Ranar 11 ga wata aka sa gangarar maza. Ba a yi ba. Iska ce. 'Yan wasa ba sa hawa dutsen da ƙafa, wasu akwatuna ne masu rataye a jikin waya ke kai su sama, kuma idan iska ta yi ƙarfi akwatunan na lilo har dole a tsayar da su. Ko da an kai mutum sama, akwai haɗarin tsalle: mai gudun da ya haura kilomita 100 a awa, ya tashi sama, iska ta bugo shi ta gefe, ba zai sauka inda ya nufa ba. Ga rashin adalci kuma, domin iskar da ta tura wani ta baya za ta iya tare na bayansa ta gaba. Washegari aka ɗage babban silalom na mata, bayan nan silalom ɗinsu ma. Duk wanda zai je irin wannan gasa kada ya ɗaure tikitin komawarsa da ranar da aka rubuta a jadawali. Ya bar kwana uku ko huɗu a tsakani.

Tsayuwa a wurin kallo ma sai da shiri. Riguna uku a jere sun fi babbar riga ɗaya, kuma ta cikin kada ta zama auduga, domin tana riƙe zufa ta koma sanyi. Sanyin ta tafin ƙafa yake shiga, saboda haka takalmi mai kaurin ƙasa ya fi komai. Waya a aljihun ciki, in ba haka ba baturin zai mutu kafin tsakar rana.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na matsa kusa da shingen shi ne ƙasan hanyar. Ba laushin dusar nan ba ne da muke gani a hotuna. Yawancinta inji ne ya fesa, aka danne, aka bar ta ta daskare ta yi tauri kamar daɓen siminti, don kada masu fara sauka su farfashe ta. Shi ya sa ake wasa gefen allunan ƙafa, siki, har su yi kaifi, a shafe ƙasansu da kakin da ya dace da sanyin ranar. Allon gangara na maza ba ya gaza santimita 218, na silalom kuwa 165 ne, gajere don saurin juyawa. Shuɗin layin da ake fesawa a gefen hanya da bakin tsalle yana taimaka wa ɗan wasa ya ga tudu da kwari lokacin da farin ya haɗe masa a ido. A sama, ƙafarsa ce ke ture wani siririn sanda agogo ya tashi. A ƙasa na'urar haske ke tsayar da shi.

Ranar 15 sama ta lafa. Aksel Lund Svindal na Norway, yana da shekara 35, ya sauko a minti 1 da daƙiƙa 40.25. Ɗan ƙasarsu Kjetil Jansrud ya biyo shi da ratar 0.12, Beat Feuz na Switzaland da 0.18. Wannan ne zinaren farko na Norway a gangarar maza. A ranar ce kuma Mikaela Shiffrin ta Amurka ta ci babban silalom a Yongpyong, sai dai ɗage-ɗagen ya cushe mata jadawali, washegari a silalom, inda kowa ya ba ta, ta zo ta huɗu, Frida Hansdotter ta Suwidin ta ɗauke.

Amma ranar da ta biya kuɗin tafiyar ita ce 17 ga wata, sufa-Ji na mata. Bambancinsa da gangara shi ne ba a gwajin sauka kafin ranar. Da safe ake barin 'yan wasa su bi hanyar a hankali su haddace inda tutoci suke, shi ke nan, sai sauka ɗaya tak. Gwanaye su ke riƙe lambobin farko, ɗaya zuwa ashirin, lokacin da hanyar ba ta ji jiki ba. Lindsey Vonn ta Amurka ce ta buɗe, ta yi faɗi da yawa a wata lanƙwasa ta kusa da ƙarshe, lokaci ya tsere mata. Anna Veith ta Ostiriya, mai riƙe da zinaren 2014, ta kafa 1:21.12, Tina Weirather ta Liechtenstein na bayanta da 1:21.22. Da aka wuce lamba ashirin, masu ɗaukar hoto suka juya wajen Veith, mutane suka fara gangarawa wajen motoci.

Sai lamba 26, Ester Ledecká ta Jamhuriyar Czech, wadda aka fi sani da hawa allo guda mai faɗi. Saukarta ba ta yi kyan gani ba, ta yi tangal-tangal a sama bayan tsalle, hannuwa a warwatse. Amma ba ta kankare gudunta a lanƙwasa ba, kuma nan ne ake asarar lokaci: duk juyawar da allo ya ja ƙanƙara a karkace maimakon ya yanka ta, daƙiƙa na zubewa. Allon sakamako ya nuna kore, alamar ita ce kan gaba, 1:21.11. Ratar 0.01 ce, wadda a gudun kilomita 90 a awa ba ta wuce santimita 25 ba, kusan taki ɗaya na hannu. Ta tsaya baki buɗe tana kallon allon, tana jiran a gyara kuskure. Mako guda bayan haka ta sake cin zinare a kan allonta mai faɗi a filin Phoenix.

Sauran sakamakon na bi shi ne ina hanyar komawa. Marcel Hirscher na Ostiriya ya haɗa zinare biyu, Sofia Goggia ta Italiya ta ci gangarar mata, Vonn ta samu tagulla. A silalom na maza, ranar 22, Hirscher ya fita daga hanya tun a zagayen farko, Henrik Kristoffersen da ke kan gaba ya fita a na biyu, André Myhrer na Suwidin ya ɗauki zinaren yana da shekara 35.