Yaran da manyan kulob ke saya su ajiye

Wai ni don Allah kulob ɗin da mutum 11 kacal zai saka a fili, me zai yi da 'yan wasa arba'in da wani abu? Ko ka haɗa da canji biyar da aka yarda a yi yanzu, mutum 16 ne za su taɓa bal a wasa ɗaya. Sauran fa? Wannan musun mun sha yinsa a gidan kallo, kuma da ka ɗauko shi 'yan Chelsea za su taso maka, wai hassada ce, kuɗinsu ne, ina ruwan wani. To na ji kuɗinku ne, amma shekarun da ake ƙonawa ai ba naku ba ne, na yaran mutane ne.

Bari mu fara da namu na gida tunda shi muka fi sani. Kenneth Omeruo, Chelsea ta ɗauke shi a Janairun 2012. Yaron nan ya ci kofin Afirka da Super Eagles a 2013 a hannun marigayi Stephen Keshi, ya buga kofin duniya na 2014, ya je na 2018, duk yana amsa sunan ɗan wasan Chelsea, amma har ya bar kulob ɗin a 2019 bai buga musu wasan gasa ko ɗaya ba. Ko ɗaya fa. Aro kawai ake ta tura shi wasu kulob, yau yana ADO Den Haag a Holan, gobe Middlesbrough, jibi Turkiyya wajen Kasimpasa da Alanyaspor, daga ƙarshe Leganes ta Sifen ta saye shi ya samu ya ajiye jaka. Shekara bakwai mutum kullum cikin canjin gida, canjin koci, canjin yare, kuma duk inda ka je sun san kai ɗan aro ne, ba za su ɓata lokaci wajen gyara ka ba tunda ƙarshen kaka za ka tattara ka koma. In suna da nasu yaron da kuka yi kusan kai ɗaya, wallahi nasu za su saka, domin shi ne za su sayar wata rana su ci riba.

Kuma ba Chelsea kaɗai ba, kar 'yan Liverpool da Arsenal su fara dariya. Taiwo Awoniyi Liverpool ta saye shi a 2015, ya yi ta yawon aro tsakanin Jamus da Holan da Beljiyam har 2021 da suka sayar da shi ga Union Berlin, bai taɓa buga musu wasan gasa ba. Kelechi Nwakali da ya zama gwarzon kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, Arsenal ta ɗauke shi, labarin ɗaya ne. Su waɗannan ma matsalarsu ta takardar izinin aiki ce a Ingila, wato tun ranar da aka sa hannu kulob ɗin ya san yaron ba shi da damar buga musu wasa, amma duk da haka suka saya. Wannan ai ya isa ya nuna maka ba don a saka shi a fili aka saye shi ba.

Ni yadda nake kallon abin, sana'ar masu sayen hatsi da kaka ce. Ka saya da araha lokacin da ake girbi, ka jibge a sito, ka jira farashi ya tashi. Bambancin kawai shi ne buhun gero in ka sa masa magani zai jira ka har damina, shi kuwa ɗan bal daga shekara 18 zuwa 23 ne yake koyon komai, in wannan lokacin ya wuce yana ɗumama benci ko yana yawon aro to ya wuce kenan. Kulob kuma lissafinsa a fili yake, ya sayi yara goma da ɗan kuɗi kaɗan, masu karɓar aro su biya wani abu, wani lokaci har da albashi, in mutum ɗaya ko biyu suka fashe an mayar da uwar kuɗi har da riba. Sauran takwas ɗin babu wanda zai sake tambayar inda suka ƙare. Ga kuma wata ribar da ba a faɗi, duk yaron da ka saya ka hana abokin hamayyarka samunsa.

Akwai kakar da aka ce 'yan wasan Chelsea da ke zaman aro sun kai wajen arba'in, har suna aka sa musu, rundunar aro. Vitesse ta Holan ta zama kamar tasharsu, duk wanda aka saya sai ya bi ta can. Lucas Piazon ɗan Brazil da aka kawo da kururuwa wai shi ne magajin tauraron Brazil Kaka, aro bakwai ya je, Malaga, Vitesse, Frankfurt, Reading, Fulham, Chievo, Rio Ave, sai a 2021 ya rabu da su ya koma Braga. Akwai wani gola ɗan Kuroshiya Matej Delac da ya kai ga zama wanda ya fi kowa daɗewa a kulob ɗin alhali bai taɓa tsare musu raga a wasan gasa ba, abin dariya abin tausayi. Ga Baba Rahman ɗan Tamale, daga 2015 har 2023 yana cikin littafinsu, kusan duk shekarun a aro ya yi su, ko da yake shi rauni ma ya taka masa birki.

Yanzu 'yan Chelsea za su ce to De Bruyne fa, Salah fa, ba ta nan suka bi suka zama abin da suka zama ba? Ai wannan hujjar tawa ce ba tasu ba. De Bruyne wasa uku ya buga a Firimiya ƙarƙashin koci Mourinho a Chelsea, da ya ga zaman ba zai yi ba ya matsa aka sayar da shi ga Wolfsburg a Janairun 2014, bayan shekara ɗaya da rabi Man City ta biya kusan fam miliyan 55 a kansa. Salah sai da ya tsere Fiorentina da Roma sannan aka san da shi. Lukaku kuwa sun sayar wa Everton a kan fam miliyan 28, suka dawo a 2021 suka sake sayensa a kan fam miliyan 97.5, wannan kam ko a kasuwar ƙauye aka yi shi sai an yi wa mutum dariya. Su ukun nan sun tsira ne saboda sun fita da wuri.

Gaskiya ɗaya dai, aron ba duka ne sharri ba. Courtois ya yi kaka uku a Atletico ya dawo ya karɓi raga, Victor Moses ya zaga Liverpool da Stoke da West Ham kafin koci Conte ya mayar da shi gefen dama suka ci Firimiya a 2017. Amma abin da ya fi tona asirin tsarin shi ne 2019, lokacin da FIFA ta hana Chelsea sayen 'yan wasa. Ba shiri kocinsu na lokacin Lampard ya waiwayi gida, sai ga Mason Mount, Tammy Abraham, Reece James, Tomori, yaran da suke nan tun da can, kuma suka gama a na huɗu. Da ba a ɗaure musu hannu ba da wataƙila a wannan kakar ma an sake tura su aro an sayo wasu.

Su ma yaran da iyayensu da ejan ɗinsu suna da nasu kason. Amma ni ba na iya zagin yaron da ya taso a gidan da ake auna garin tuwo sannan aka ajiye masa kwantiragin shekara biyar a Ingila, wa zai ce a'a? Ejan dai shi ne ya san gaskiya, kuma shi kamashonsa yake hange. Alhali akwai wata hanyar, duba Ahmed Musa, daga Kano Pillars ya tafi VVV-Venlo, ƙaramin kulob a Holan inda yake buga wasa duk sati, daga nan CSKA Moscow, sai a 2016 ya je Leicester. Bellingham manyan Ingila na zawarcinsa ya zaɓi Dortmund a 2020, Sancho ma ya bar Man City a 2017 ya tafi can saboda ya san a Manchester kallo zai yi.

FIFA ta yi doka daga 2022, ta taƙaita yawan waɗanda kulob zai tura aro ƙasar waje zuwa takwas, aka rage zuwa bakwai, daga 2024 ya koma shida, ban da yara 'yan shekara 21 zuwa ƙasa da suka taso a kulob ɗin. Da jin haka na ce alhamdulillahi an kawo ƙarshen abin, ashe masu kuɗi sun riga sun yi gaba. Tun da attajirin Amurka Boehly da abokansa suka sayi Chelsea a 2022 sun kashe sama da fam biliyan ɗaya, suna ba yara kwantiragin shekara takwas har sai da hukumar ƙwallon Turai UEFA ta toshe wannan dabarar ta raba kuɗin saye a kan shekaru masu yawa, a bazarar 2024 kuma 'yan wasa suka yi musu yawa har kocinsu na lokacin Maresca ya ware wasu suna atisaye daban, cikinsu har da Sterling da Chilwell.

Sabuwar hanyar kuma ita ce ka sayi kulob sukutum. Masu Chelsea sun sayi Strasbourg a Faransa a 2023, magoya bayan can har zanga-zanga suke yi don ba sa son a mayar da kulob ɗinsu wurin kiwon yaran wasu. Masu Man City kuwa sun daɗe a harkar, suna da Girona, suna da Troyes, suna da wasu a ƙasashe daban daban. Savinho a takarda ɗan wasan Troyes ne tun 2022 amma bai taɓa sa rigarsu a wasa ba, an tura shi PSV, an tura shi Girona inda suka gama a na uku a La Liga, a 2024 aka wuce da shi Man City. Ita kuwa Troyes da sunanta ke kan takardar, a 2023 ta faɗo daga Ligue 1, kuma lokacin da yaron nata yake yanka 'yan baya a Sifen ita tana can ƙasan teburin rukuni na biyu tana neman yadda za ta tsira.