Abin da nake faɗa wa kaina kafin ƙwallo ta iso

A shekarata ta biyu a jami'a a Amurka, inda nake karanta kimiyyar motsa jiki, aka ce kowa ya zaɓi wasa ɗaya ya buga tsawon zango, yana rubuta abin da ke kai-komo a ransa. Na zaɓi softbol, wasan da ake jefo ƙwallo a doke ta da sanda sannan a ruga da gudu, a zatona mai sauƙi ce. Sunan ma yaudara ne: da Turanci yana nufin ƙwallo mai laushi, amma ƙwallon ba ta da laushin komai. Ranar da ta same ni a cinya, sai da na yi sati ina ɗingishi.

Tsakanin mai jifa da mai duka ƙafa 43 ne, mita 13 da 'yan kai. Gwanar jifa takan wurgo ƙwallo da gudun da ya haura kilomita 100 a awa, ko rabin daƙiƙa ba ta cika ta iso. Ni kuwa a wannan ɗan tsakanin nake yi wa kaina wa'azi: kar ki kuskure, kar ki ba da kunya, kowa ke yake kallo. Hannuna ya sandare a kan sanda, ƙwallo ta wuce fiu, sau uku, in koma benci ina cizon yatsa.

A aji malaminmu ya kawo gwajin da masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner ya yi a 1987, inda aka ce wa mutane kada su tuna farin beyar, sai ga dabbar tana ta faɗo musu a rai. Nan take na gane kaina. Ashe duk "kar ki" da nake yi, kuskuren nake kira.

Kocinmu, wata dattijuwa marar son dogon zance, ta ce in nemi kalma ɗaya da za ta gaya wa idona aikinsa. Ƙwallon rawaya ce mai jan ɗinki, sai na zaɓi "ɗinki", da Hausa. Abokan wasana sun ɗauka addu'a nake yi, ni ma ban gyara musu ba. In ja numfashi, in ce "ɗinki", ido ya tsaya a hannun mai jifa. "Ke jaruma ce" da ire-irenta ba su taɓa tsinana mini komai ba a gaban jifa, don zuciyata musu take yi da su.

Dauriya kuwa na daɗe ina ɗaukar ta a matsayin rashin jin tsoro. A wasan nan wadda ta yi duka mai kyau sau 3 cikin 10 ana yaba mata, kenan sau 7 hannu rabbana take komawa. Aikin yana wajen wanke ran nan kafin layi ya sake zagayowa kanki.

A wasanmu na ƙarshe sau biyu ana fitar da ni. Karo na uku ƙafafuna na rawa, na ce "ɗinki", na ji ƙas a sanda, ƙwallo ta ratsa tsakanin masu tsaro biyu. Sai da koci ta daka mini tsawa na tuna ana gudu.