Laraba: an ɓare simintin ɗakin katikis

Yau aka shiga aikin bangon gabas na ɗan ɗakin da ke bayan majami'a, wanda mutanen ƙauyen ke kira ɗakin katikis, wato malamin da ke koyar da addini a ikilisiya. Ginin ƙasa ne mai rufin soro, tsawo mita 4, faɗi mita 3, da bakan gizo guda a tsakiya, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin. A cikinsa ake koyar da masu shirin baftisma a da, nan kuma yaran ƙauyen suka fara karatun boko, daga baya ya zama ma'ajiyar bencina da littattafan waƙa. Aikin maginan ƙasar Zazzau ne, irin hannun da ake gani a majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa, wadda aka gina da tubali a 1929 lokacin da mishan ɗin CMS na cocin Anglican ya tashi daga cikin birnin Zariya. Manyan gine-gine irin wannan suna samun masu kula da su. Ƙananan da ke gefe su ne ke rushewa ba wanda ya sani, shi ya sa wannan ɗakin ya tsaya mini a rai.

Da sassafe, kafin a taɓa komai, an ɗauki hoton kowane bango, an auna tsagar da ke kusurwar arewa, sannan aka tokare rufin da itace huɗu daga ciki. Ba a ɓare bangon ƙasa rufi na zaune a kansa ba tokara.

Sai ƙwanƙwasa bango da ƙotar guduma. Daga gwiwa zuwa ƙasa duk ƙarar fanko yake yi. Shekarun baya an shafe shi da siminti, da kyakkyawar niyya, don ruwa kada ya ci shi. Amma siminti ba ya kama ƙasa. Yana tsagewa, ruwan sama ya shiga ta tsagar, danshin ƙasa kuma ya hau daga tushe, su duka su rasa hanyar fita. Da aka ɓare faɗin mita ɗaya, ƙasar da ke baya ta zubo kamar garin tuwo, da farin gishiri a jikinta. Bangon da kaurinsa ya kai santimita 60 a gindi ya cinye kusan 20. Wannan ƙasar mai gishiri an kwashe ta an kai nesa, ba a mayar da ita cikin kwaɓi.

Gyaran gindi mita-mita ake yinsa: a gyara ɗaya, a tsallake ɗaya, sai na farko ya bushe a dawo wa na tsakani. In aka buɗe shi gaba ɗaya bangon na iya zama. An kankare har aka kai ƙasa mai ƙarfi, an yayyafa ruwa don tsohuwar ta karɓi sabuwar, aka jera tubali tsininsa sama, ana cika tsakani da kwaɓi. Layi uku aka yi aka tsaya. Ɗanyen gini in aka ɗora masa fiye da haka a yini sai ya yi ciki. Tubalin ya yi mako biyu a rana, duk da haka sai da aka fasa guda aka ga cikinsa ya bushe.

Kwaɓin jar ƙasa ce da yankakkiyar ciyawa, an tattake ta da ƙafa, an bar ta ta kwana ana ƙara mata ruwa har ta ruɓa. Gwajin yaɓen da aka yi a bangon yamma ya nuna ƙasar ta cika yumɓu, zallarta ta tsattsage. Wanda aka sa baro ɗaya na yashi cikin baro uku na ƙasa shi ya zauna lafiya, da shi za a ci gaba.

Bayan azahar aka hau rufi. An soki kan kowace azara da ƙusa inda ta shiga bango, biyu gara ta cinye su. Za a musanya da azarar namijin giginya, ta fi tauri. Asalin ɓarnar kusurwar arewa kuwa indararo ne. Ya karye, ruwa na bin bango yana sauka a gindi. Sabon zai fito aƙalla santimita 60, a jera duwatsu inda ruwan ke faɗuwa, a kuma gangarar da ƙasar da ke kewaye ta yi waje.

Wani dattijon ikilisiya ya zo ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, ba gara a buga kwano a huta ba?" Na ce, "Baba, kwano zai tare ruwa, amma sai an sare rawanin da ya kewaye saman soron da zankwaye kafin ya zauna, ɗakin da kuka yi karatu a ciki kuma ya tafi ke nan." Damuwarsa gaskiya ce, soro yana son hannu duk shekara kafin damina. Mun tsaya a kan matasan ikilisiya su riƙa duba indararo da toshe tsaga kafin ruwan farko, a sabunta makuba, wato shafen da ke kare ginin daga ruwa, idan ta fara sanƙo.

Iskar hunturu ta tashi da yamma, an rufe sabon ginin da jiƙaƙƙun buhuna don kada ya bushe da gaggawa ya tsage. An jiƙa ɓawon ɗorawa cikin duro na makubar da za a shafa a ƙarshe. Gobe sai sauran mitocin bangon gabas, da aika mutum neman azara.