Me ya sa layin gasar rediyo ba ya shiga?

A shagona na gyaran waya da ke Dilimi, nan Jos, rediyo ba ya mutuwa. Da zarar mai gabatarwa ya ce wanda ya fara kira shi ke da katin waya, sai ka ga yaran shago sun duƙufa, kowa na danna lamba ɗaya. Layi ya ƙi shiga, sai a hau zargin gidan rediyon da son kai.

Ni dai ban yarda da zargin nan ba. Lambar ɗakin shirin kira kaɗan take ɗauka a lokaci guda, kowane ƙarfen sabis kuma yana da iyakar abin da zai riƙe. In dubban mutane suka rufar wa lamba ɗaya, na'urorin kamfanin waya kan tace kiran: ɗaya ya wuce, a mayar da sauran tun daga tushe na 'yan daƙiƙoƙi. A Amurka har layuka na musamman aka ware wa gidajen rediyo saboda haka.

Tacewar nan ce ke bar wa mai neman motar asibiti a unguwar Gangare hanya, kuma shi ne ya fi damuna. Da za a ji tawa, gasa ta koma saƙon tes ta gajerun lambobin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ke bayarwa.