Sunan Jami'a a Ƙirji, Gida a Wata Jihar: 'Yan Wasan Ƙwallon Kwando Mata a Amurka

A jerin sunayen 'yan wasa da kowace jami'ar Amurka take wallafawa a farkon kaka, akan rubuta lambar riga da tsawon 'yar wasa da ajin da take, sannan a gefe a saka garinsu da jiharsu. Wannan layin na ƙarshe shi ne na fi tsayawa a kansa, domin yana bayyana yadda aka haɗa ƙungiya fiye da duk abin da koci zai faɗa wa 'yan jarida. Manyan ƙungiyoyin mata da dama suna ɗauke da sunan jiha a ƙirjin rigarsu, amma idan aka bi asalin 'yan matan da ke sanye da rigar, sai a tarar 'yan jihar ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, wani lokaci ma babu ko ɗaya a cikin biyar ɗin da ke fara wasa.

Jami'ar Connecticut, wadda aka fi sani da UConn, ita ce misalin da ya fi fitowa fili. A watan Afrilun 2025 ta lallasa jami'ar Carolina ta Kudu da ci 82 da 59 a birnin Tampa, ta ɗauki kofin ƙasa karo na 12 a ƙarƙashin koci Geno Auriemma. Biyar ɗin da suka fara wasan su ne Paige Bueckers daga Minnesota, da Azzi Fudd daga Virginia, da Kaitlyn Chen daga Kalifoniya, da Sarah Strong daga Carolina ta Arewa, sai Jana El Alfy daga birnin Alƙahira na Masar. El Alfy ta buga wasannin farko na gasar tana azumin Ramadan, kuma labari ya bazu cewa Bueckers ce ke tashi da asuba ta haɗa mata abin sahur. Babu 'yar Connecticut a cikinsu, kuma abin ba zai ba da mamaki ba ga wanda ya san cewa mutanen jihar gaba ɗaya ba su kai miliyan 4 ba. Tun da daɗewa haka jami'ar take cika rumbunta daga gonar wasu: Diana Taurasi daga Kalifoniya, Maya Moore daga Georgia, Sue Bird da Breanna Stewart daga New York.

Sai dai ba da haka aka fara ba. Ƙungiyar da ta kawo wa UConn kofin farko a 1995, wadda ta yi wasa 35 ba tare da an doke ta ba, 'yan unguwa ne suka gina ta. Jennifer Rizzotti da Nykesha Sales a Connecticut suka tashi, Rebecca Lobo da Kara Wolters kuma daga Massachusetts ne, jihar da ke maƙwabtaka. Sai da waɗannan suka yi wa jami'ar suna, sannan yarinya daga Kalifoniya ta yarda ta tsallako ƙasar daga wannan gaɓa zuwa waccan, ta zauna a ƙauyen Storrs mai tsananin sanyi, inda jami'ar take. A ganina wannan shi ne tsarin da ke maimaita kansa: 'yar gida ce ke ɗaga ƙungiya daga ƙasa, baƙi ne ke riƙe ta a sama.

Abin da ke sauƙaƙa wannan yawo sananne ne. Jami'a tana ɗaukar nauyin karatun 'yar wasa da masaukinta da abincinta, don haka nisan gida ba ya ƙara wa iyaye kuɗin makaranta. Sannan masu horarwa ba sa bin sakandare ɗaya bayan ɗaya suna neman masu hazaƙa, domin da bazara ƙungiyoyin matasa daga sassan ƙasar suna taruwa a manyan gasa, inda koci zai zauna a zaure ɗaya ya kalli 'yan jihohi da dama cikin 'yan kwanaki. Daga nan zawarci yake farawa, wani lokaci tun yarinya ba ta kai ajin ƙarshe ba.

Labarin Carolina ta Kudu ne ya fi burge ni. Lokacin da Dawn Staley, 'yar arewacin Philadelphia, ta karɓi aikin koci a 2008, ƙungiyar ba ta cikin waɗanda ake tsoro. Abin da ya juya al'amura shi ne shawarar yarinya ɗaya a 2014. A'ja Wilson, 'yar garin Hopkins da ke kusa da Columbia, birnin da jami'ar take, ita ce aka ɗauka a matsayin 'yar sakandare mafi ƙwarewa a ƙasar a shekarar, UConn da Tennessee duk suna zawarcinta, amma ta zaɓi ta zauna a gida. Ta tarar da Alaina Coates, 'yar garin Irmo, tana can, kuma a 2017 jami'ar ta doke Mississippi State da ci 67 da 55 ta ɗauki kofinta na farko. A watan Janairun 2021 aka kafa mutum-mutumin Wilson a gaban zauren wasan jami'ar, kuma a jawabinta ta tuna cewa a zamanin wariyar launin fata kakarta ba ta da ikon ratsa harabar wannan makaranta, sai dai ta zagaye. Irin wannan nauyi ba ya zuwa da baƙuwa, komai gwanintarta.

Bayan an kafa tushe sai Staley ta miƙa hannu nesa. Aliyah Boston, wadda ta jagoranci kofin 2022, daga tsibirin St. Thomas ta fito, ta koma Massachusetts tana 'yar shekara 12 saboda ƙwallo da karatu. Ƙungiyar 2024 kuwa, wadda ta yi wasa 38 ba a doke ta ba, ta haɗa Kamilla Cardoso daga Birazil, da Te-Hina Paopao daga Kalifoniya, da Raven Johnson daga Georgia, da Bree Hall daga Ohio. Amma Staley ba ta saki gida ba, domin MiLaysia Fulwiley da Ashlyn Watkins duk 'yan Columbia ne, kuma Joyce Edwards ta garin Camden ta biyo bayansu. Ina ganin wannan haɗi na daga cikin dalilan da suka sa jami'ar ta shafe shekaru a jere tana kan gaba a yawan 'yan kallo a duk faɗin ƙasar.

Iowa ta bi irin wannan hanya, ko da yake ba ta kai ga kofi ba. Caitlin Clark 'yar West Des Moines ce, ta fara ba jami'ar Notre Dame baki, daga baya ta sauya ra'ayi ta zauna a jiharsu. Jihar tana da tsohon tarihi da wasan mata, domin tun 1920 ake gasar 'yan matan sakandare a can, kuma har zuwa 1993 ana buga wani salo na mutum shida-shida da ƙananan garuruwa suka ɗauka da muhimmanci ƙwarai. Don haka da Clark ta zo, ta tarar da kakanni mata da suka buga wasan da kansu suna jiranta a kujerun kallo. A watan Oktoban 2023 mutum 55,646 suka cika filin Kinnick na jami'ar don kallon wasan sada zumunta kawai. Ta bar jami'ar da maki 3,951, adadin da babu namiji ko mace da ya kai shi a rukunin farko na NCAA, hukumar da ke shirya wasannin jami'o'in Amurka. Abokan wasanta mafi yawa ba daga nesa suke ba: Monika Czinano daga Minnesota, Kate Martin daga Illinois, McKenna Warnock daga Wisconsin, duk jihohin da ke da iyaka da Iowa.

Minnesota ce nake tausaya wa a wannan lissafi. Tana rainon 'yan wasa, wasu na cin moriyarsu. Bueckers ta tafi Connecticut, Czinano ta tafi Iowa, Tessa Johnson kuma, wadda ta fi kowa zura maki a ɓangaren Carolina ta Kudu a wasan ƙarshe na 2024 da maki 19, 'yar garin Albertville ce a Minnesota. A 2022 a Minneapolis, birni mafi girma a jihar, aka buga wasan ƙarshe, mutanen gari suka cika zaure suna yi wa 'yarsu Bueckers tafi a cikin rigar wata jihar. Lokacin da jami'ar Minnesota ta kai matakin ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe a 2004, wata 'yar gida ce, Lindsay Whalen ta garin Hutchinson, ta kai ta can.

Layin jihar ma ba ya faɗin dukkan labarin. Arike Ogunbowale, wadda ta ci wa Notre Dame kofin 2018 da jifar daƙiƙar ƙarshe, Wisconsin aka rubuta a gaban sunanta, Nneka da Chiney Ogwumike na Stanford kuma Texas, alhali mahaifin Arike da iyayen su Nneka daga Najeriya suka je.

Tun 2021 dokoki biyu suka ƙara dagula taswirar. An ba 'yan wasa damar sauya sheƙa su fara buga wa sabuwar jami'a nan take ba tare da zaman jiran shekara ba, kuma daga ranar 1 ga Yulin shekarar aka halatta musu karɓar kuɗin talla da sunansu. Kim Mulkey, 'yar Louisiana da ta koma gida ta karɓi aikin koci a jami'ar jihar, wato LSU, a wannan shekarar, ta yi amfani da damar fiye da kowa. Ƙungiyar da ta doke Iowa da ci 102 da 85 a 2023 ta dogara ne kan Angel Reese daga Maryland, da Alexis Morris daga Texas, da Jasmine Carson daga Tennessee, da LaDazhia Williams daga Florida, kuma dukkansu daga wasu jami'o'i suka sauyo. Yanzu riƙe 'yar gida ya fi samo ta wuya, kuma ko Staley ba ta tsira ba, domin a 2025 Fulwiley ta bar Columbia, garin da ta tashi, ta koma wajen Mulkey a Baton Rouge.