Abin da nake ji a rediyon masu tanadin ranar wahala a Amurka

Tun da na fara tuƙin babbar mota a kudancin Amurka nake sauraren shirye-shiryen rediyo na mutanen da ke tara abinci da magunguna saboda tsoron ranar da komai zai tsaya cik, suna nanata cewa kada kowa ya dogara da gwamnati. Ba na raina fargabarsu, domin duk wanda ya tuna yadda mutanen birnin New Orleans suka kwana a kan rufin gidaje suna jiran agaji bayan guguwar Katrina a 2005 ba zai kira ta tsoron banza ba.

Batun magani ne ya tayar mini da hankali. Na ji ana ƙarfafa wa masu saurare su sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sayarwa don kifin ado, su ajiye wa iyalansu, su sha ba tare da ganin likita ba, alhali shan irin wannan magani barkatai shi ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Da mai shirin ya gama tsoratar da jama'a, sai ya koma tallar bokitin busasshen abinci da ruwan azurfa, wato ruwa mai ɓurɓushin azurfa da ake sha a matsayin magani, wanda FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta bayyana cewa ba maganin kowace cuta ba ne. Abin ya fi yi mini ciwo idan na ji muryar dattijo mai ciwon suga ya bugo waya yana tambayar yadda zai kare allurar insulin ɗinsa daga zafi idan wuta ta ɗauke, aka bar tambayarsa aka ci gaba da talla.