Cikar sito da nauyin bashi

Aikina rubuta lissafi ga wani dillalin albasa da wake a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma babban abin da aikin ya koya mini shi ne cikar sito ba ta nuna arzikin mai shi. Takardar da akantoci ke haɗawa a ƙarshen shekara, kadarori a gefe guda, bashi da jari a ɗaya gefen, tambaya ɗaya take yi: kayan nan na wane ne? Dole ɓangarorin biyu su zo daidai. A ce kaya da kuɗi sun kai naira miliyan 30, manoma da masu tirela suna bin miliyan 22, to na Alhaji miliyan 8 ne, ko da buhuna sun taɓa rufi.

Layin da na fi daɗewa a kai shi ne bashin da muke bin mutane. A takarda kadara ne, amma bashin mai abincin unguwar Ketu da ta ɗauki buhu biyu makon jiya daban, na wanda ya shekara biyu har ya daina ɗaga waya daban. Na ce, "Alhaji, wannan fa a cire shi." Ya ce, "Bar shi, yaro, ɗan garinmu ne." Zumunci ya yi kyau, sai dai ba a biyan direba da shi. Haka albasa: an rubuta ta a farashin saye, damshin Legas kuwa yana cinta ta ƙasan buhu.

Abin mamaki, Alhaji ya san wannan lissafi sarai idan lokacin zakka ya yi. Ya kimanta hajarsa a farashin ranar, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran karɓa, ya cire wanda ake binsa, sannan ya fitar da ɗaya bisa arba'in. A nan ba ya ƙirga ɗan garinsu.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. Bayan da aka saki farashin naira a Yunin 2023, MTN Najeriya ta yi asarar naira biliyan 137 a shekarar, alhali cinikinta ƙaruwa ya yi. Abin da ake binta da dala ne ya kumbura saboda faɗuwar naira, har jimillar bashin da ke kanta ta zarce kadarorinta a takardar lissafinta ta 31 ga Disamba.